Garin Tace Ruwa Ya Ƙoshi

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Zuwa ga Mai Unguwa da Malama Ummu Salma ta jami'a, bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Na san ba za ku ga wannan ba, amma ya kamata a fara da manya. Ni ne Inuwa Tukur na Toranke, wanda ya kammala yaƙi da jahilci bana, wanda kuma aka damƙa wa tankin tace ruwan rijiyar unguwarmu, wadda aka gano gubar dalma a cikinta.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na yi wa jama'a bayani kamar yadda Malama ta yi mini. A cikin tankin akwai wani baƙin gari, nano ake ce masa, ƙwayarsa ta fi ƙarfin ido. Guba tana manne masa, ruwa ya wuce. Idan takardar gwaji ta yi ja, garin ya ƙoshi, sai a rufe famfo. Haruna mai faci ya ce, "To Injiniya, da miya yake ci ko gaya?" An yi dariya. Na ci gaba da bayanina, saboda matsayina.

Asabar, 18 ga Mayu
Takardar gwaji ta yi ja. Na rufe. Malama ta ce sabon gari yana hanya.

Lahadi, 19 ga Mayu
Abin da ya wahalar da ni shi ne ruwan garau yake fita. Mata sun tsaya da bokitai suna kallona. Gwaggo Kabo, yayar mahaifina, ta zo da butarta. "Inuwa, a garin nan ko wanda ya zagi ubanka ba a hana shi ruwa. Bokon naka ne ya ce ka hana ni?" Na ce, Gwaggo, guba ba ta da launi. Ta ce ita ma tsufanta ba shi da ƙafar zuwa burtsatsen hanyar Gafasa. Ta juya.

Talata, 21 ga Mayu
Na je Gaya na sake kiran Malama daga inda waya ke kamawa sosai. Ta ce garin yana hanya. Na gaji ƙwarai. A masallaci an daina matsa mini wuri a sahun gaba. Matata Rekiya ta ce ta ga jikokin Gwaggo suna zura guga a rijiyar kai tsaye. Ta ce, "Malam, ka buɗe mana, ai gara wanda aka tace." Na kai hannu kan famfon. Na daɗe a haka.

Juma'a, 24 ga Mayu
Ban buɗe ba. Na ari kurar Haruna da jarkokinsa. Tun shekaranjiya nake turo ruwa daga burtsatse, gidan Gwaggo farko, sannan masu goyo. Yara suna kira na ɗan garuwa. Wannan ba aikin mai riƙe da tanki ba ne, na ɗan lokaci ne kawai. Bayana kamar zai tsinke. Gwaggo ta sha, ta sa an kawo mini fura.

Waɗanda suka shaida cewa famfo yana rufe kuma ba a hana kowa ruwa ba: Rekiya, Liman Muhammad Bashir, Gwaggo Kabo, da Haruna mai faci, wanda ya kama mini turi a hawan gangare, kuma bai yi dariya ba.