Ku Sayi 'Yan Tsaki Inda Aka Hana Ku Shiga

Da sunan Allah. Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, kuma hankalina garau yake. Ƙafa ce ta ƙi, ƙirji ma ya fara ba ni sanarwa, amma kan nan babu abin da ya taɓa shi. Kada wani ya zo daga baya ya ce tsohuwa ta ruɗe.

Na ɗaya. Gida da kayan ɗaki a raba yadda addini ya tsara, ba ni da ta cewa. Amma akurkin bayan gida da kajin ciki na ba ku kyauta tun ina numfashi, Babba da Auta, ku biyu a haɗe. Na san shekara biyu ke nan ba kwa gaisawa sai in ina wurin. Da gangan na haɗa ku.

Na biyu. In kun tashi sayen 'yan tsaki, ku je gidan ƙyanƙyasar da ke bayan tashar mota, wurin mutumin da kuka laƙaba wa Ba-Shiga. Shekara ashirin ina saye a hannunsa, ban taɓa ganin ɗakin injinsa ba. Ta taga yake miƙo kwali, kuma sai mutum ya tsoma takalminsa a ruwan magani kafin ya isa tagar. Fara'a kam ba shi da ita ko kaɗan. To, ai ba fara'a kuka je saye ba. In ya rufe, ku nemi mai irin halinsa. Duk wanda ya ce ku shigo ku zaɓa da hannunku, ku yi masa godiya ku juya. Yadda ya bar ku kuka shiga, haka ya bar wanda annoba ta cinye wa kaji ya shiga jiya.

Na uku. Ku tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su da rigakafin da aka yi musu. Wanda ya fara kame-kame, ku bar masa kayansa. Ku ƙwanƙwasa kwalin: masu lafiya zabura suke yi su cika wuri da kuka. Ku juya ɗaya ku duba cibiya ta bushe, bayansa kuma babu kashi a manne. Sababbi su yi sati uku a ɗakin ajiya su kaɗai kafin su ga manya. A nan ba ni da sassauci.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki biro. Shekarar da ƙafata ta fara, na aiki Babba sayen 'yan tsaki. Ba-Shiga ya ce masa ya tsoma sabon takalminsa a ruwan magani. Babba, da zuciyar nan taka irin ta ubanka, ka yi fushi ka tafi inda aka ba ka kujera da ruwan sanyi, aka bar ka ka zaɓi arba'in da hannunka. Kwana goma ba a cika ba muka fara kwashe gawa. Har kajin nan masu wake-wake suka tafi, irin da marigayi mahaifinku ya bar wa Auta. Auta, kika ce girman kan yayanki ne ya kashe miki abin da ya rage na ubanki.

Ki saurara da kyau. Ya yi kuskuren wurin saye, wannan gaskiya ne. Amma ya zuba su a ɗakin ajiya ya rufe, yadda na koya muku. Rana ta uku aka yi ruwa, kwano ya yi yoyo a kansu, na ji kukansu tausayi ya kama ni. Ni na kwashe su a zanina na kai su cikin manya. Ni, mai yi wa kowa faɗan sati uku! Da kika hau shi da masifa ina tsaye a wurin, kunya ta ɗaure mini baki. Ya san ba shi ya buɗe ɗakin ba, ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, bai taɓa tona ni ba. Wallahi abin nan ya fi ciwon ƙafar ci na. Babba, ka yafe mini.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuri'a, ya sa ku riƙe juna a bayana. Auta, ke ce ƙarama, ke za ki taka zuwa gidansa. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki dai kira shi Yaya, don shekara biyu ke nan bai ji wannan sunan a bakinki ba, kuma ni na jawo.