Ramin Marina na Uku

Batsari,
Talata.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Kaduna? Mu nan sai godiya. Tunda har yanzu babu layin waya, na ba direba wannan takarda.

Baba, ranar Asabar mutanen ƙauyenmu za su koma a fidda iyakar kowane gida, don wuta da damina sun shafe katangu. Maƙwabcinmu Baffa Muntaka yana cewa wurin ɗakinka nasa ne. Kaka ba ta iya tafiya yanzu. Amma tun gudowarmu take ba ni tarihin garin ina rubutawa a tsohon littafina na aji shida, tun daga lungun maƙera har rijiyar da wani Labaran ya gina shekarar da fara ta cinye gonaki. Ta ce kakanka marini ne, ramukan marinarsa uku suna binne a gidanmu, kuma na ukun shi ne iyaka.

Mai Unguwa Sahabi ya ce in zo in karanta a gaban dattawa. Ka san ni, ko a aji ba na ɗaga hannu. Hanyar ma ba daɗi, jiya an ga baburan mutanen daji wajen Ruma. Ka yi mini addu'a.

'Yarka,
Bushira.

Batsari,
Lahadi.

Babana,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Mun je mun dawo lafiya. Da ƙafa muka tafi. Aka ajiye mutum biyu a kan tudu suna duban daji, aka ce kowa ya bar garin kafin la'asar.

Ban gane ko lungu ɗaya ba, Baba. Na karanta littafin muryata ƙasa-ƙasa, har Baffa Muntaka ya ce in ɗaga murya, ba da tururuwa nake magana ba. Aka haƙa, rami ya fito, ƙasarsa shuɗi-shuɗi. Na biyu ma ya fito. Sai na kan tudu suka ce sun hango ƙura. Mai Unguwa ya ce ya isa, a kafa turke bayan ɗakinka a tafi.

Na riga na ga jerin ramukan ya nufi madafar Inna, ba bayan ɗakinka ba. Da na yi shiru shi ke nan. Amma na ce Kaka ta ce uku ne. Suka haƙa da sauri, na ukun ya fito a bakin madafa. Ɗakinka duk yana cikin filin Baffa. A bakin ramin aka kafa turken, muka fito da gudu.

Da na faɗa wa Kaka, ta ce dama mahaifin Baffa ne ya ba ka aron wurin lokacin aurenka.

Inna ba ta yi mini magana ba tun jiya. In kai ma fushi za ka yi, don Allah ka rubuto mini faɗan. Ya fi mini shirun.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Bushira.