Shekara Goma da Na Rage da Hannuna

Zuwa ga shugaban masu gwajin jinin tsofaffi da suka sauka a Rara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan an tashi lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Garba, tsohon masinja, yanzu manomin albasa. Ba zan ɓoye maka ba, kishi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kishin Bawa maƙwabcina nake yi.

Na farko, wata Talata, mako uku da suka wuce, tare muka shiga layi. Ma'aikacinku ya duba katin shaidata, ya ce ban kai sittin ba, in koma gida. Bawa kuwa aka ba shi kujera, aka ɗebi jininsa. Kwana huɗu sakamako ya fito: zuciyarsa ta fara gajiya, ƙodarsa ma ba ta tace jini yadda ya kamata. Aka ba shi magani, aka hana shi gishiri. Yanzu kumburin ƙafarsa ya saɓe, har kasuwar Goronyo yake zuwa. Kullum sai ya zauna ƙofar gidana yana jujjuya takardar nan, alhali ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba. Ni ne ma nake karanta masa!

Na biyu, laifina ne, na yarda. Lokacin da na nemi aikin masinja na rage shekara goma don a ɗauke ni, ƙaryar ta bi ni har cikin kati. Amma na girmi Bawa da damina uku. Ni na goya shi ranar da aka yi masa kaciya. Ku tambaye shi, in bai manta alheri ba.

Na uku, abin da ya kai shi gare ku yana jikina, har ya fi. Takalmina ya daina shiga. In na miƙe a tabarma numfashi yake tsaya mini, sai na jingina da bango. Daga gida zuwa masallaci sau biyu nake hutawa. Fitsari ya ragu. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe.

An ce ranar Asabar za ku wuce Wurno. Roƙona, kafin ku tashi ku ɗebi jinina, kwalba guda tak. In ya nuna lafiyata ƙalau, zan ba Bawa haƙuri gaban jama'a. Ku kuma duba sauran dattawan da kati ya mai da yara, don ba ni kaɗai ba ne a garin nan.

Allah ya saka maka da alheri, ya kai ka tsufa da lafiya. Ina so in ga albasar bana ta shiga buhu da idona.

Wassalam.

Garba, Rara.