Ranar da Indo ta Mayar da Wake

Sabon Gari, Gusau
9 ga Yuli, 1998

Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Ma'u da yara, Allah ya ƙara rufin asiri a Fatakwal. Mu lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi a Bungudu, har ta koma faɗa da awaki, ka san alamar lafiyarta ke nan.

Saƙonka ya iso, cewa tunda Indo ba ta iya buɗe baki a aji, a cire ta daga makaranta ƙarshen zangon nan. Kafin ka yanke, ji abin da idona ya gani.

Ka san ɗiyarka. Shekara sha biyar, amma baƙo ya yi sallama sai ta shige ɗaki, jiki na rawa, tafin hannu sharkaf da zufa, kowa na yabo wai yarinya mai kunya. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, shiru. Sai Malama Hannatu, nas ɗin da ke sayen atamfa wurina, wadda ta yi aiki a asibitin ƙwaƙwalwa, ta ce wannan ba kunya ba ce, tsoron idon mutane ne, kuma maganinsa ba allura ba ƙwaya. Ni da na shekara ashirin ina sayar wa mutane abin da ba su zo saya ba, na ce a raina, to, ga wata 'yar kasuwar.

Ta zaunar da Indo, suka rubuta abubuwan da take tsoro, daga ƙarami zuwa babba. Ta koya mata jan numfashi a hankali. Makon farko gaida maƙwabciya kawai, na biyu sayo gishiri ita kaɗai. Sannan ta juyo kaina, ta ce rabin maganin yana bakina, don duk wanda ya tambayi yarinyar ni ke amsawa kafin ta haɗiye yawu. Ta hana ni. Yaya, ko azumin bazara bai ba ni wuya haka ba.

Bayan wata uku muka je kasuwar Tsafe. Wani mai awon hatsi, Yari, wanda ko ni sai na shirya nake tunkara, ya auna mana wake mai ƙwari. Da muka gani, Indo ta ɗauki kwanon ta koma wurinsa. Ya daka mata tsawa, mutane suka juyo. Na cusa gefen mayafi a baki na cije. Na ga ta ja numfashi, sannan ta ce, "Baba, waken nan da ƙwari. A canza mini."

Ya canza. Na ga ciniki iri-iri a duniya, ban taɓa ganin an yi wa mutum magani da shiru da gishiri ba. Ikon Allah ke nan. Ba ta warke duka ba, jiya ma ta kasa karatu gaban aji, amma ta tsaya har malami ya ce ta zauna.

Babban abin da ke ƙarshen takardar da suka rubuta da Malama Hannatu shi ne ta roƙe ka da bakinta ka bar ta makaranta. An hana ni roƙa mata, saboda haka ka shaida, ban roƙe ka komai ba. Ka dai zo kafin hutu, in ta tsaya gabanka ka ba ta lokaci.

Ka gaida Ma'u da Lukuman da Tambaya. Inna na sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Hajara