Ƙarfen Ƙuguna Ya Kwance, Kunya Ta Hana Ni Faɗa

Malam, don Allah ku taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Ni shugaban ma'aikata ne a wata masaƙa a Challawa. Shekarun baya na faɗi da babur a hanyar Zariya, ƙashin ƙuguna ya dagargaje, likitoci suka sa mini na ƙarfe. Wata da watanni ina kwance. Matata Safara'u ce ke yi mini wanka, ita ke kawo fo, ta zubar, ta wanke. Ba ta taɓa ɓata rai ba, amma ni in na tuna ba na iya haɗa ido da ita. Da na miƙe har rago aka yanka.

To bana ciwon ya dawo. Likita ya ɗauki hoto, ya ce ƙarfen ya kwance, yana cin ƙashi, sai an sake tiyata an canja. Na ce zan dawo, ban koma ba. A gida cijewa nake in taka daidai. Shekaranjiya na yi sujada a masallacin ma'aikata na kasa ɗagowa, mutanen da nake ba umarni suka ciccibe ni kamar buhun auduga. Na ce musu jiri ne. Malam, da wane baki zan ce wa baiwar Allah nan ta sake ɗaukar fo?

Mai Ɗingishi, Na'ibawa

Mai Ɗingishi, sannu. Na gane kunyarka, babu magidancin da ke son a gan shi a haka. Amma ba laifi ka yi ba. Ƙarfe ne, ya yi iyakar aikinsa.

Likita ya ce yana cin ƙashi. Duk jinkirin da ka yi, inda za a kafa sabon ƙarfen raguwa yake. Kana gudun jinyar watanni, kana neman jawo wa Safara'u ta shekaru.

Kuma kada ka zaci ba ta lura ba. Matar da ta yi jinyarka ta san takunka. Wataƙila ta yi shiru ne don kada ta kunyata ka. Ka zaunar da ita yau ka gaya mata. Ka nemi ɗan'uwa namiji ya zauna da kai a asibiti, ya ɗauke mata abin da ke ba ka kunya. Kafin nan ka riƙa salla a zaune, addini ya yarda.

Ka koma wurin likita makon nan, kuma ku tafi tare. Allah ya sa a yi a sa'a, ya saka wa Safara'u da alheri.