Ni da Kyaftin Kwaɗo

Litinin, 3 ga Maris
A da, in yara suna wasa a ƙofar gida, ɗana Tsito ni yake zama. Ya kifa tsohuwar taya, ya tsoma roba a ruwa, ya ɗaure fuska ya ce, "Gobe ka dawo." Sak ni. Yau na leƙa na tarar ya ɗaura jan tsumma a ka yana tsalle. Wai shi ne Kyaftin Kwaɗo mai jar hula na talabijin. Kwaɗo fa! Ina nan ina fama da faci, kwaɗo ya ƙwace min ɗa.

Laraba, 5 ga Maris
Na ce, "To ni wane ne a wasan?" Ya ƙare min kallo. "Baba, kai ne dutsen da ake tsallakewa." Na kwanta, aka tsallake ni. Ko a makarantar da na gudu daga aji huɗu ban taɓa samun muƙami irin wannan ba.

Jumma'a, 7 ga Maris
Tun da aka fara nuna shirin ban taɓa bari ya kai ƙarshe ba. Da kwaɗon ya ka da abokin faɗansa, sai in kashe, kafin a fara tafa masa. Na ce lafiyar idon yaro nake dubawa. Mamarsa ta ce, "Idonsa, ko dai zuciyarka?"

Lahadi, 9 ga Maris
Tsito ya hankaɗe 'yar maƙwabta, gwiwarta ta kuje, ya juya abinsa ko waiwaye babu. Uwarta ta hana ta zuwa. Sauran yaran ma sun janye. Ga shi can shi kaɗai da jan tsummansa. Allah Ya yafe min, na ɗan ji daɗi: na kama kwaɗo da laifi.

Litinin, 10 ga Maris
Yau ma ba wanda ya zo. Daɗin ya tafi.

Talata, 11 ga Maris
Na zauna in kalli abokin gabata har ƙarshe don in tara hujja. Ashe in ya ka da mutum, dawowa yake ya miƙa masa hannu, ya karkaɗe masa jiki ya ce, "Tashi, abokina."
Tsito ya saki baki. "Baba, dama yana tayar da su?"
Mamarsa daga kicin: "Tambayi mai kashewa."
Na ce sauro ya dame ni, na fita.

Alhamis, 13 ga Maris
Tsito ya je ƙofar maƙwabta ya miƙa wa yarinyar hannu: "Tashi, abokina." A tsaye fa take. Ta dube shi, ta dube shi, sai ta zauna a ƙasa don ya tayar da ita.
Da yamma sun tsallake dutse su biyu. Da suka gama, Tsito ya dawo ya miƙo min hannu. Bayana ne ke ciwo, shi ya sa na kama.
Na rufe shago da wuri yau, daidai lokacin shirin. Rashin ciniki ne kawai. Jar hular nan dai ba ta yi wa kwaɗon muni ba.