Baba a Filin Ƙanƙara

Lyon, Lahadi da dare, Fabrairu 1986

Barci ya ƙi zuwa. Ni ce ta biyu a tseren gudu kan ƙanƙara! A kwanar ƙarshe yarinyar da ke gabana ta buɗe kaɗan, na dafa ƙanƙara da hannu na shige ta ciki. Mai horar da mu ta rungume ni, ta ce za a kira ni gwajin ƙungiyar ƙasa.

Ina cikin gudun na ji murya ta cika filin da Hausa: "Rakiya, taka! Taka mana!" Ashe Baba ne. Shi da kullum yake cewa wasan banza ne, ya rufe kantinsa a Paris, ya hawo jirgin ƙasa bai gaya wa kowa ba.

Na same shi cikin babbar riga, haƙoransa na kaɗawa don sanyi. Ya karɓi takalmina, ya shafa siririn ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ya ce, "A kan wannan wuƙar kike gudu?"

Na ce, "E, Baba."

Ya miƙo mini takalmin, sannan ya ce, "Yaushe ne na gaba? Da bargo zan zo."